Darasi: Mai Ciwon Zuciya Idan Za A Yi Masa Tiyata

Zuciya tana da nata jijiyoyin da ke ciyar da ita jini. Idan kitse ya toshe su, sai jinin ya ragu. Mutum ya ji ƙirji ya ɗaure, ko numfashi ya gaza in ya hau bene. Hawan jini, ciwon sukari da shan taba ne kan gaba wajen jawo wannan.

Tiyata nauyi ce a kan zuciya. Ana zubar da jini, bugun zuciya yana ƙaruwa, zafin ciwo yana tayar da hawan jini. Ko aikin gwaiwa ne, mai irin wannan zuciya yana bukatar shiri.

Kafin aiki

A ce dattijo ne daga unguwar New Bell a Duwala, an ba shi ranar aiki a asibitin Laquintinie ko Babban Asibitin Duwala. Ya je da littafinsa na asibiti da kwalayen magungunansa duka, har da jiƙo da sassaƙe. Likitan allurar barci zai tambaye shi: "Baba, kana iya hawa bene hawa biyu ba ka tsaya ba?" Ya faɗi gaskiya, kada kunya ta hana shi. In Faransanci ya yi masa wuya, ya tafi da ɗansa ya yi tafinta.

Za a auna bugun zuciyarsa da na'ura, a gwada jininsa. Kada ya ajiye asfirin ko maganin hawan jini da kansa. Likita ne zai ce wanne za a ci gaba da sha, wanne za a dakatar. Wanda bugun zuciya ya kayar kwanan nan, akan jinkirta masa aikin da ba na gaggawa ba aƙalla kwana 60. Mai shan taba ya daina tun saura mako 4.

Bayan aiki

Kwana 3 na farko su ne mafi haɗari. Maganin kashe zafi kan ɓoye ciwon ƙirji. Don haka mai jinya ya sa ido: gumi mai sanyi, haki, amai ko ruɗewa. Da ya ga ɗaya, ya kira ma'aikacin jinya nan take, ko da tsakar dare ne.

Tambayoyi

1. Me ke rage wa zuciya jini?
2. Wa ke da ikon dakatar da magani?
3. Faɗi alamu uku da mai jinya zai lura da su.