Nasiha Ga Masu Motoci Game Da Akwatin Da Ke Sarrafa Wutar Jikin Mota

Daga cikin motocin da ake kawo mini gareji, babu waɗanda suka fi wahalar da masu su kamar akori-kura da manyan motocin da injinsu yake lafiya lau, ba ya hayaƙi, ba ya shan mai fiye da kima, amma wutar jikinsu ta rikice, har ya zamana fitilar gaba tana kamawa da rana tsaka ba wanda ya taɓa ta, waifa tana share busasshen gilashi, ƙofofi suna kulle kansu, sa'an nan da asuba direba ya zo ya murɗa makulli ya tarar batir ya mutu murus. Na sha ganin wanda ya kai ga zaton an yi wa motarsa sammu, alhali kuwa sababin abin ba ya wuce wani ɗan akwati da ke ɓoye ƙarƙashin dashbod, ko kuwa wayoyin da ke kai masa wuta.

Wannan akwati shi ne masu ƙera motoci suke kira BCM, ko da yake wasu kamfanoni sun ba nasu wani suna, kamar ZBR a manyan motocin MAN. A zamanin Fijo 404 da Marsandi 911, kowace fitila da wayarta da makunninta, wanda duk ya iya bin waya da ɗan ƙwan gwaji ya iya sana'ar. Yau kuwa idan direba ya danna makunni, ba wuta yake saki ba, saƙo yake aikawa ga wannan akwati, shi kuma akwatin ya duba ko sharuɗɗa sun cika, sa'an nan ya ba fitila ko waifa ko gilashin ƙofa wuta, kuma yana yin haka ne yana mu'amala da akwatin injin da na giya da na birki ta kan wasu wayoyi biyu murɗaɗɗu, bisa tsarin CAN wanda kamfanin Bosch na Jamus ya fito da shi a 1986, wanda kuma Amurka ta wajabta shi a soket ɗin binciken motocinta daga ƙirar 2008. Mafi yawan motocin da ke shigo mana ta Kwatano da Legas a yanzu a kan wannan tsari suke.

To, da yake kusan dukkan wutar jikin mota ta hannunsa take bi, duk abin da ya ɓaci sai tuhuma ta faɗa kansa, kuma a nan ne dukiyar mutane take salwanta. Alƙalin kirki ba ya yanke hukunci da zato, sai an kawo bayyina, kuma ban ga dalilin da zai sa rewaya ya fi shi gaggawa ba. Wajibi ne a fara da batir, domin lafiyayye idan ya huta yakan nuna bolt 12.6 a mita, idan inji yana aiki kuma ya nuna tsakanin 13.5 da 14.5, a manyan motoci masu bolt 24 kuwa sai a ninka. Wuta idan ta gaza, waɗannan akwatuna kan ruɗe su yi ta aika saƙonni marasa kan gado. Daga nan a bi wayar nagatif da ke ɗaure a jikin shasi, a kwance ta a kankare tsatsa, domin a iya sanina wannan waya ita kaɗai ta sa an zubar da lafiyayyun akwatuna masu yawa. Sai fiyus, sai kuma a sa wa mota kwamfuta ta soket ɗin nan mai baki 16 da ke kusa da gwiwar direba.

Amma fa ita ma kwamfutar sai an fahimci maganarta. Idan ta kawo lamba U0140, abin da take faɗa kawai shi ne sauran akwatuna sun kira BCM bai amsa ba, rashin amsawa kuwa yana iya zama mutuwa, yana iya zama wuta ce ba ta isa gare shi ba, ko wayar saƙo ce ɓera ya tsinka. Saboda haka nakan cire kan batir in auna tsakanin baki na 6 da na 14 a soket ɗin. In mita ta nuna kimanin om 60, hanyar saƙo tana nan daidai, in ta nuna 120, hanyar ta yanke a wani wuri. Game da mutuwar batir cikin dare kuwa, ana kulle mota a jira akwatuna su yi barci, sa'an nan a auna abin da take sha, wanda bai kamata ya wuce kimanin mili-amfiya 50 ba.

Wani bawan Allah mai fataucin hatsi ya taɓa kawo mini motarsa Silverado a tsakiyar damina, bayan an riga an canja masa akwatin a wani wuri, ya yi ɗan kwanaki lafiya, cutar ta dawo. Ya ce, "Malam, ka sake sa wani kawai, tafiya gare ni." Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri mu ga abin da ya cinye na farko." Da na kwanta ƙarƙashin sitiyari da tocila na zare soket ɗin akwatin, sai na ga haƙoransa sun yi wani kore-kore, kafet kuma a jiƙe sharkaf, yana warin rima. Na sa yaro ya riƙa zuba ruwa da buta a gefen gilashin gaba, ba a jima ba sai ga ɗigo yana gangarowa ta kan curin wayoyi har cikin soket. Gilashin an taɓa canja shi, gam ɗin bai kama ba ta wannan kusurwa. Akwatin kam ya riga ya lalace, sai da aka sake shi, amma bayan an ɗaga gilashin an manne shi yadda ya kamata.

Ruwa shi ne babban abokin gabar wannan akwati, ko na sama, ko na wankin mota da injin feshi, ko na ambaliyar da ta riga ta shanye motar tun a ƙasarta, kamar yadda guguwar Harvey ta nutsar da dubban motoci a Texas a 2017, irin waɗanda akan busar a yi gwanjonsu. Sauran sabubban kuwa daga hannunmu suke: mai walda ya ɗana wuta a bodi ba a cire kan batir ba, a tayar da ƙaramar mota da wutar tirela mai bolt 24, fiyus ya ƙone a naɗa masa zaren waya, alhali an yi shi ne domin ya ƙone a madadin abin da ya fi shi tsada, a yanki wayar fitila a ɗora mata manyan fitilun ado ba tare da rile ba. Wannan na ƙarshe yana ɓata mini rai ƙwarai, domin aikin rile ɗin bai kai kuɗin man tafiyar yini ba.

Idan hujja ta tabbata cewa akwatin ya mutu, canja shi yana da nasa ladubban. Lambar da ke jikin sabon ta dace da ta tsohon, domin kamannin fuska ba ya isa, mota iri ɗaya ƙirar shekara ɗaya tana iya ɗaukar akwatuna dabam-dabam gwargwadon kayan da aka sa mata. A galibin motocin zamani kuma sai an saita shi da kwamfuta, an shigar masa da lambar shasi mai harafi da alƙalami 17, an kuma gabatar masa da makullan motar, in ba haka ba zai ɗauki mai motar a matsayin ɓarawo, ya hana inji tashi. Wanda zai sayi na hannu a Ƙofar Ruwa ko Ladipo, ya tambayi mai gyaransa tukuna ko irin motarsa tana karɓar akwatin da aka taɓa saitawa a wata mota, domin wasu ba sa karɓa, ya kuma ƙulla sharaɗin mayarwa tun a wurin ciniki, gaban shaida, domin aibin kayan wuta ba ya bayyana ga ido.

'Yan'uwana masu sana'a, mai mota ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin dashbod, maganarmu kawai yake riƙewa, wannan kuwa amana ce, kuma karɓar kuɗin akwati a kan abin da tsatsar noti ta haddasa cin haram ne ko da ba da niyya aka fara ba. Kai kuma mai mota, haƙƙinka ne ka ce a nuna maka abin da mita ta nuna, a faɗa maka abin da ya kashe tsohon akwatin, kuma a miƙa maka shi a hannu. Kada ka yar da shi, domin a wasu motocin daga cikinsa ake kwafo bayanan da za a zuba a sabon.