Yadda Ake Bin Sawun Kuɗin Jama'a Har Bakin Rijiya

Ɗan jaridar da ya ƙudura niyyar tahƙiƙi a kan wani aikin gwamnati, alal misali rijiyar burtsatse da aka ce an haƙa wa mutanen Boko ta ƙasar Kusada, yakan fara ne da kundin kasafin kuɗin Tarayya, inda aka daɗe ana ware wa ayyukan mazaɓu naira biliyan 100 a shekara, ya lalubo na mazaɓar Kankiya da Ingawa da Kusada, ya kwafe sunan aikin da adadin kuɗinsa da hukumar da aka ɗora wa nauyinsa. Sa'an nan ya rubuta wa hukumar takarda bisa dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta wajabta amsa cikin kwana bakwai, ya nemi sunan ɗan kwangila da abin da aka biya shi, domin sau da yawa akan ware kuɗi ba a sake su ba, kuma wanda ya tuhumi mutum da cin kuɗin da ba su fito daga baitulmali ba ya yi masa ƙazafi. Duba rajistar kamfanin ɗan kwangilar a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC aikin zaune ne, ba ya bukatar dogon bayani.

Inda gwani yake rabuwa da ɗan koyo shi ne ranar da aka taka ƙasa. Da bazara ake zuwa, saboda rijiyar da aka yi wa ha'inci wajen zurfi takan ba da ruwa da damina har kaka, sai rana ta yi tsanani asirinta yake tonuwa. Bayan an kai gaisuwa ga dagaci, kamar yadda ladabi ya hukunta, kada allon kwangila ya ruɗi mai bincike, don na sha ganin sabon allo a jikin tsohuwar rijiya wadda wani bawan Allah ya haƙa sadaka tun da daɗewa, aka shafe tankinta da fenti kurum. Sai ya durƙusa ya dubi daɓen siminti, ko akwai gansakuka a gindin famfo, ko magini ya zana kwanan wata da tsinke tun simintin yana ɗanye, ya ɗauki hoto da wayar da ke buga rana da wuri. Shaida kuwa a bakin 'yan ga-ruwa take da 'yan matan da ke ɗebo ruwa da asuba, kuma a keɓe ake tambayar kowa, ba a gaban kansila ba, har sai ruwayoyi uku sun dace, kamar yadda malaman hadisi ba sa karɓar magana sai sun auna isnadinta.

Masu wannan wahala galibinsu samari ne marasa abin hannu, irin waɗanda suka fara shirin bin sawun kuɗi na Follow The Money a 2012 saboda yaran Bagega da gubar dalma ta kama a Zamfara, da na Tracka da ƙungiyar BudgIT ta kafa a 2014, tun kafin hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta shiga bin ayyukan mazaɓu a 2019. Ni dai ina ganinsu magadan Abubakar Imam ne, ɗalibin Kwalejin Katsina, wanda ya fara riƙe jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939.

Kafin a buga, wajibi ne a kai wa ɗan kwangila da ɗan majalisa tambayoyi a rubuce, a ba su wa'adi, a kawo jawabinsu yadda suka faɗa, in kuma an miƙo kuɗin mota a mayar cikin mutunci. Roƙona ga editoci shi ne, in labarin ya fito da Turanci, a mai da shi Hausa a karanta a rediyo, domin mutanen Boko su ji nawa aka karɓa da sunansu.