Shawara Ga Mai Niyyar Sake Tagogi Da Ƙofofin Gidansa

Ya kai mai gida, in ka ƙudura aniyar sabunta tagoginka da ƙofar da ke fuskantar tsakar gida, wajibi ne ka fara duba muhallin kowace, domin tagar yamma ita ke shan zafin la'asar, ta arewa maso gabas kuwa ƙurar hunturu. Katako yana da ƙawa, amma gara ba ta raga masa; ƙarfe yana da ƙarko, sai dai yana tsatsa muddin aka bar shi ba fenti; alminiyam ba ya tsatsa, illa dai ƙofarsa mai zamewa takan cije in yashi ya cika hanyarta.

Game da hisabi, kada farashin taga kaɗai ya ruɗe ka, gama akwai gilashi, da ragar sauro, da ƙarfen tsaro, da dako, da ladan magini da zai gyara bango. Ka sa a auna kowace kafa daban, ka ji bakin masu sana'a uku, sa'an nan a rubuta sharuɗɗa gaban shaidu kafin ka ba da kafin alƙalami. Allah Ya sa albarka.