Shayarwa da Tazarar Haihuwa

A ƙauyukan 'Yankwashi, cikin masarautar Kazaure, tun kaka da kakanni ake gudun rurrutsa, wato ɗaukar ciki da goyo a baya. Ana dogaro da shayarwa, kuma da hujja: tsotson jariri yakan sa jikin uwa ya saki sinadarin furolaktin, mai hana ƙwan haihuwa fita.

Sai dai masana da suka taru a Italiya a 1988 sun gindaya sharuɗɗa: nono zalla, haila ba ta dawo ba, jariri bai wuce wata 6 ba. Da an fara ba shi kunu, tsotso ya ragu, kariya ta raunana. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa hutun wata 24 ta shawarta kafin sabon ciki. Ragowar wata 18 ɗin nan ke buƙatar allura, ƙwaya ko ashanar hannu daga asibiti, kuma da wuya mace ta karɓo su in ba a fahimtar da maigida ba.