Mas'alar Kwamfutar da Ta Ƙi Karɓar Manhaja

Wani ɗalibi ya aiko mini da kuka, cewa ya sayi kwamfutar hannu mai ɗauke da Linux, lafiyarta lau, allonta garau, amma da ya ɗora mata manhajar MongoDB 5.0 sai ta rubuto masa layi ɗaya tak da Turanci, wai an ba ta haramtaccen umurni, ta yi shiru. Ya kai ta wurin mai gyara har sau biyu, aka goge ta tas, kuɗi suka tafi, cuta tana nan daram.

Ɗana, ka sani illar tana cikin furosesa, watau ƙwaƙwalwar na'urar. A asali takan yi lissafi ne adadi ɗaya bayan ɗaya, tamkar mai awon da ke cika buhu da ludayi, har masana suka ga wannan ɓata lokaci ne alhali hoto da sauti dubban adadi ne masu buƙatar hukunci iri ɗaya, sai suka ƙaro mata umurnai waɗanda ke ɗibar adadi da yawa a tashi guda. Kamfanin Intel ya fito da MMX a 1997, da SSE a 1999, sa'an nan AVX a 2011, wanda ma'ajinsa mai faɗin bit 256 yake haɗa adadi takwas masu bit 32 da umurni ɗaya. AVX2 ya biyo baya a 2013. To, MongoDB tun daga 5.0 ya sharɗanta AVX, kuma abin takaicin, Celeron da Pentium masu yawa, ko da an ƙera su shekaru bayan 2011, an hana su wannan baiwa domin a sayar da su da araha.

Saboda haka kada ka ƙara ɓarnar dukiya wajen gogewa ko ƙarin RAM, domin abin da ba a sassaƙa cikin ƙarfe ba, babu manhajar da za ta dasa shi. Rubuta lscpu, ka duba jerin da zai fito. Mai Windows kuwa ya nemi CPU-Z. In babu avx a ciki, ka yi haƙuri da MongoDB 4.4 domin karatu kawai, kafin Allah ya hore maka wata. Ranar saye kuma, ka nemi Core i5 na zubi na huɗu ko sama, ka gwada shi a gaban mai kaya tun kuɗinka suna aljihu.