Darasi Kan Hannun Jari: Yawan Rumbu Ba Shi Ne Yawan Riba Ba

Ya ku 'yan kasuwa da dillalan Jega, Aliero da Maiyama, ku sani sayen hannun jari tarayya ce da kamfani cikin riba da hasara. Da yawanmu mun ɗauka kamfanin da ke ta ƙara gini da motoci shi ne abin saye. To, lissafi bai goyi bayan haka ba.

Ga yadda ake awon. Kadarar kamfani ita ce duk abin da ya mallaka: gini, injuna, haja, tsabar kuɗi da bashin da yake bin mutane. In bara naira miliyan 100 ce, bana 130, ta ƙaru da kashi 30 cikin 100. Sai a jera kamfanoni, daga mai saurin ƙaruwa har mai jinkiri.

A 2008 masana uku a Amurka, Cooper, Gulen da Schill, sunka bayyana abin da sunka gani cikin irin wanga jeri na kamfanonin ƙasarsu daga 1968 zuwa 2003: hannun jarin masu ƙaruwa sannu-sannu ya fi na masu gaggawa kawo riba. A 2015 Fama da French sunka sa wanga awo cikin ma'aunansu biyar.

Dalilin ba baƙo ba ne gare mu. Albasa ta yi kuɗi bara, sai mai saye ya ci bashi ya ƙara rumbuna, maƙwabtansa ma haka. Wata ta ruɓe, saura ta cika kasuwa, farashi ya karye, bashi na nan. Haka kamfani: jarin da anka ƙara da gaggawa bai cika kawo ribar na farko ba, ga shi masu saye sun riga sun tsawwala kuɗin hannun jarinsa.

Mun gani a gida. Bayan da Babban Banki ya tilasta wa bankuna jarin naira biliyan 25 a 2005, sunka kumbura. A 2008 kasuwar hannun jari ta faɗi, a watan Agusta 2009 Sanusi Lamido Sanusi ya tuɓe shugabannin bankuna biyar.

Amma a lura, awon na taron kamfanoni ne, ba hukunci kan guda ba. Kafin ku saya ku tambayi dillali abu uku: nawa kadarar ta ƙaru? Da riba ta ƙaru, ko da bashi? Ƙaruwar ta gaskiya ce, ko faɗuwar darajar naira ce kawai?