Gyaran Gangar Auzinawa a Kan Rediyon Wat Biyar

Wani ɗalibi mai karatun lantarki ya shafe watanni yana tara kuɗi har ya sayo ƙaramar na'urar aika saƙo ta 'yan sha'awar rediyo, irin wadda ake kawowa a warwatse cikin leda mutum ya haɗa da hannunsa. Samfurin QCX ce ta zangon mita 40, wadda Hans Summers ya fitar a 2017 a kan dala 49, mai ƙarfin wat 5. Yaron ya yi ƙoƙari, domin duk wanda ya duba likin dalmar da ya yi tun farko zai ga hannu mai tsabta. Ya kunna, allo ya kawo haske, lambobi suka fito, amma a kunne babu komai sai 'yar shuu, ko tasha ɗaya bai kama ba. Maimakon ya koma ga littafin haɗawa da ke intanet kyauta, sai ya ɗauke ta ya kai wa wani mai gyara da ya yi suna a harkar wayar hannu da rediyon mota. Mutumin bai taɓa riƙe na'urar aika saƙo ba, kuma bai ga dalilin faɗin haka ba.

Abin da ya aikata yana nan rubuce a jikin fanel ɗin na'urar, tabo bayan tabo. Da farko ya soka guntuwar waya da ba ta fi mita ɗaya ba a mazaunin eriya, ya danna makullin aika saƙo wai ya ga ko tana fitar da wuta. Da bai ga komai ba, sai ya yanke hukuncin da irinsu suka saba yankewa: wuta ce ba ta isa. Ya cire batir mai bolt 12 ya jona cajar kwamfuta mai bolt 19. Taransistocin BS170 guda uku da ke matakin ƙarshe suka ƙone nan take. Ya sayo wasu ya sa, suka bi sawun na farko. Daga nan ya ɗauki waya ya yi gada ta kan matatar fita gaba ɗaya, kuma a nan ne abin ya fi ciwo, domin yana yin gadar tashoshi suka fara shigowa. Na'urar da kanta ta nuna masa inda ciwon yake. Shi kuwa sai ya fahimci cewa matatar ce "ke tare wuta", ya bar gadar, ya sake danna makulli a kan bolt 19 da guntuwar wayarsa. Ƙunar ta uku ta tafi har da 74ACT00 mai tura taransistocin, kuma babban ƙarfen likin da yake aiki da shi ya ɗaye layukan tagulla a wurare da dama. Ya karɓi kuɗin aiki, ya ce wa yaron kayan waje ne marasa inganci.

Asalin matsalar fa? Ƙafa ɗaya ce ta ɗaya daga cikin zobban kwayil na matatar, wadda ba a kankare banish ɗin jikinta sosai ba. Dalma ta lulluɓe ta ta yi kyau a ido, amma ba ta taɓa tagulla ba. Tunda a QCX ta wannan matatar saƙo ke shiga kuma ta nan yake fita, kunne ya toshe, bakin kuma yana ihu cikin ɗaki rufaffe. Na'urar awo mai araha, a sa ta a kan ƙara, a taɓa mazaunan ƙafafun biyu, da ta tona asirin cikin minti guda. Littafin ya yi gargaɗi a kan wannan banish ɗin da babbar murya, kuma na'urar tana ɗauke da kayan gwajinta a cikinta, har da mai samar da sigina da ma'aunin bolt da na ƙarfin fita. Babu ko ɗaya da aka taɓa. An kashe abin da gyaransa bai wuce kankara da ɗigon dalma ba.

Abin da nake so a gane shi ne, waɗannan ƙananan na'urori jahilcin awo ne ke kashe su fiye da komai, kuma "ƙara wuta" shi ne mafi munin maganin da ake ba su. Babban rediyo na wat 100 da kamfani ya haɗa yana da mai gadi a ciki: idan eriya ba ta dace ba, sai ya rage ƙarfi da kansa. Yawancin na haɗa-da-kanka ba su da wannan gatan, an cire shi ne don farashi ya sauko, an bar wa mai na'ura aikin gadin. A duba lissafi. BS170 tana jure bolt 60 ne tsakanin magudana da tushe. A tsarin aji E da QCX ke bi, ƙololuwar bolt a magudana tana iya kai ninki uku da rabi na abin da aka ba na'urar. A kan bolt 12, wajen 42 ke nan, da sauran sarari. A kan 19 an haura 66, an wuce iyaka tun kafin a yi maganar eriya. To ina ga an haɗa da eriyar da ke mayar da ƙarfin baya? Wanda ya san wannan lissafin ba zai kusanci cajar kwamfuta ba, wanda bai sani ba kuma ba shi da hurumin buɗe murfin.

Za a ce ai wat 5 ya yi kaɗan, dole mutum ya nemi ƙari. Wannan magana tana da daɗin ji, amma awo bai goyi bayanta ba. Kafin mai saurare ya ga ƙarin maki ɗaya a ma'aunin S na ƙarfin sigina, sai an ninka ƙarfi sau huɗu, wato desibel 6. Daga wat 5 zuwa 100 desibel 13 ne, maki biyu da 'yan kai. Wanda ya matsa wa na'urarsa ta tashi daga wat 5 zuwa 7 bai samu ko desibel 2 ba, abin da kunne da ƙyar yake bambancewa, amma ya kai taransistocinsa bakin kabari. Wannan desibel ɗin da ake ƙona kaya a kansa, ana samun ninkinsa a banza ta hanyar ɗaga eriya sama da 'yan mitoci, ko yanke ta daidai tsawonta. Eriya mai reshe biyu ta megahaz 7, wato zangon mita 40, tsawonta wajen mita 20 ne, goma kowane ɓangare, ana yanka ta da ɗan tsawo sannan a riƙa ragewa ana duba SWR, wato ma'aunin dacewar eriya. Mai wat 5 da eriya a sama yana wuce mai wat 50 da waya a kwance kan katanga, kuma duk wanda ya daɗe a wannan harka ya ga haka. Ƙarfin da ake nema a caja yana can a kan bishiya.

Za a kuma ce kayan awo tsada gare su, ɗalibi ina ya ga kuɗinsu. Wannan uzurin ne ya fi ba ni haushi, domin abin da ake buƙata don ceton na'ura ba shi da tsada. Madadin eriya razista 20 ne masu om 1,000, a jera su kafaɗa da kafaɗa su ba da om 50, in dai ba irin na naɗaɗɗiyar waya ba ne. A ƙara diyod ɗaya da kafasita ɗaya, an samu ma'aunin ƙarfi: wat 5 a kan om 50 yana nuna kusan bolt 22 a ƙololuwa. Fis na amfiya ɗaya a wayar batir, da na'urar awo a jere don a ga abin da ake ja a kunnawar farko. Idan littafi ya faɗi adadi aka ga ninkinsa, a kashe nan take, kada a tsaya jiran hayaƙi. Ko wayar eriya ma, ta tauraron ɗan'adam mai om 75 tana aiki da eriya mai reshe biyu ba tare da wata asara ta a zo a gani ba, sai dai sau da yawa saƙar jikinta alminiyom ce, ba ta kama dalma, dole a matse ta da mahaɗi. Wanda ya iya tara dala 49 zai iya sayen razista ashirin. Rashin haƙuri ne, a daina kiransa talauci.

Akwai ƙorafin da ke da ƙamshin gaskiya, shi ne na jabun kaya. Tabbas akwai su. Ana sayar da IRF510 na bogi, irin taransistar da ke matakin ƙarshe na na'urorin BITX da µBITX na Ashhar Farhan na Haidarabad a Indiya, kuma kasuwar intanet cike take da kwaikwayon na'urar uSDX waɗanda ba a san wanda ya haɗa su ba. Ita kuwa na'urar Pixie mai taransista biyu da LM386, wadda ake sayarwa da kiristal na megahaz 7.023, kunnenta a buɗe yake, manyan tashoshin gajeren zango suna kutsowa cikinta da dare, kuma haka aka yi ta, ba lalacewa ba ce. Amma ta yaya aka san kaya jabu ne idan ba a auna ba? Mai gyaran da ya ƙona taransista tara a jere ya ce duk jabu ne, alhali ko na asali aka ba shi ƙonewa za su yi, domin dalilin ƙunar yana nan bai taɓa shi ba. Taransistar ƙarshe ba ta mutuwa haka kawai. Duk wanda ya canza ta bai nemo abin da ya kashe ta ba, ya shirya sayen wata. Ba raina masu gyaran waya nake yi ba, a cikinsu akwai masu hannun da ya fi na injiniyoyi da yawa. Sai dai sana'arsu ta ginu a kan cire wannan a sa wancan, kuma wannan dabarar ba ta aiki a inda tsawon waya da yawan naɗi suke cikin lissafi.

A ƙasarmu akwai ƙarin tarko da littattafan Turai ba su cika damuwa da su ba. Farantin sola da aka rubuta wa bolt 12 yana ba da sama da 20 idan babu kaya a kansa, don haka jona shi kai tsaye kisa ne. Batirin da ke kan caji yana kai 14.4, kuma tunda ƙarfi yana bin murabba'in bolt, wannan ƙarin kusan kashi 44 cikin ɗari ne a kan taransistocin da ke cikin ɗaki mai zafin digiri 40 a watan Afrilu. Da hunturu kuma, busasshiyar iska mai ƙura tana tara caji a doguwar waya har ta riƙa tartsatsi, kuma ƙofar taransistar MOSFET ba ta jure wannan. Razista mai babban adadi daga eriya zuwa ƙasa tana zubar da cajin, sannan a cire eriya idan an gama, balle da damina. Sai hayaniyar inbata da cajojin araha da fitilun LED, wadda ke rufe zangon mita 40 ruf, mutum ya yi ta zargin na'urarsa. A kashe komai na gidan, a kunna ta da batir kaɗai, a saurara. Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa.

Gadar da aka yi ta kan matata kuwa ta wuce ɓarnar kayan mutum ɗaya. Na'urar megahaz 7 da babu matata tana watsa 'ya'yan sigina a 14 da 21 da sama, tana shiga hakkin mutanen da ba su san da ita ba. Shi ya sa ake neman lasisi da alamar kira kafin a aika ko ɗigo ɗaya, 5N a Najeriya, 5U a Nijar, kuma ƙanƙantar wat ba ta ɗauke wa kowa wannan. Haka nan shirun da ke biyo bayan kira ba hujjar lalacewa ba ce. 'Yan sha'awar rediyo ba su da yawa a yankinmu, mita 40 da rana ba ya nisa, sai dare yake buɗewa. Mai lasisi yana da hanyar sanin gaskiya ba tare da ya taɓa ƙarfen liki ba: QCX tana aika WSPR, tsarin da Joe Taylor, wanda ya samu kyautar Nobel a kimiyyar fiziks a 1993, ya fitar a 2008. A bar ta ta aika, a buɗe taswira a waya, a ga tashoshin da suka ji. Da ƙasa da wat ɗaya ake tsallaka nahiyoyi da wannan tsarin. Idan tasha a Jamus ta ji ka, na'urarka lafiya take, sai a gyara lokaci da haƙuri.

Kada a danna makulli sai da madadin eriya ko eriyar da aka auna. Kada a wuce bolt ɗin da littafi ya faɗa. A kankare banish, a gwada kowane kwayil da ƙara kafin a kunna. Kada a cire matata ko da wasa. Kuma ina sake faɗa, kada a danna makulli babu kaya a bakin eriya.

Na'urar ɗalibin nan ta tashi daga baya, da wayoyi biyar a bayan fanel a madadin layukan da aka ɗaye, bayan makonni ana jiran kayan gyara daga waje. Ku masu gyara, idan aka kawo muku abin da ba ku taɓa aiki a kansa ba, ku ce ba ku sani ba, ku mayar wa mai shi kayansa yadda ya kawo. Ku kuma matasa masu haɗawa, ku haɗa madadin eriya tun kafin ku yage ledar na'urar.